MADUGUN JAKUNA DA AYARIN DAWAKI: ABIN DA KE HANA SABABBIN FAYAFAN KWAMFUTA GUDU

Yau daga Stratford na ke kawo muku magana, watau wata unguwa a gabashin birnin Landan, inda aka yi wasannin Olimfik na shekarar 2012.

Kafin wasannin nan su zo su sake mata kama, Stratford unguwar maƙera ce. A nan kamfanin jirgin ƙasa na Great Eastern ya kafa babbar maƙerarsa, har cikin watan Disamba na 1891 ma'aikatanta suka harhaɗa kan jirgi sukutum cikin awa 9 da minti 47. Asirin wannan sauri kuwa shi ne kowane ma'aikaci ya san abin da na kusa da shi ya ke bukata, ya kuma san sa'ad da zai miƙa masa. Yanzu maƙerar ta daɗe da tashi. A gefen filin wasannin akwai wani makeken gini da aka yi domin 'yan jarida da masu watsa labaran wasannin 2012, wanda a ke kira Here East, jami'o'i da kamfanonin fasaha sun shiga ciki. Aikin unguwar ya koma na kwamfuta, amma ka'idar maƙeran nan tana nan: in mai miƙawa da mai karɓa ba su fahimci juna ba, saurin mutum ɗaya ba ya amfana kome.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata ziyara da na kai wa wani abokina, mutumin Zariya, wanda ya ke lura da na'urorin wani ƙaramin kamfani na masu tace fim a nan Stratford. Na same shi da maraice, duhun hunturu ya riga ya rufe gari, yana tsaye gaban wata babbar kwamfuta, irin wadda a ke tara aikin ma'aikata duka a cikinta, a ke ce da ita saba. Wata 'yar fitila ja tana ƙiftawa a goshinta. Ya ce mini, "Malam, zo ka ga abin mamaki. Na matsa wa masu gidan nan sun saya mini dawaki, ga shi nan suna tafiyar jakuna."

Ga yadda abin ya faru. Fayafai takwas ne a cikin sabar, irin na da, masu juyi. Masu tace fim suna kukan nawarsu, sai ya fitar da su, ya zuba sababbi takwas irin waɗanda ba su juyi, waɗanda ya saya a kanti, irin da a ke sa wa kwamfutar gida. Makonnin farko kowa ya yaba, ko da ya ke saurin bai kai yadda ya zata ba. Da aka yi 'yan watanni, ma'ajiyar ta kusa cika, sai aiki ya fara tsayawa yana tafiya. Ran nan kuwa na'urar ta fitar da faifai ɗaya daga cikin takwas ɗin, ta ce ya mutu. Ya cire shi ya gwada a wata kwamfuta, ashe lafiyarsa ƙalau. Ga fim ɗin mutane a ciki, ranar miƙawa ta matso, kwafin da ya ke da shi a waje kuwa ya kwana uku.

Domin mu gane inda gizo ke saƙa, sai mu fara duba fayafan nan iri biyu.

Faifai mai juyi ɗan'uwan faifan garmaho ne. Ƙarfe ne ko gilashi da aka shafe da maganaɗisu, yana juyawa, ga wani ɗan hannu yana kai da kawowa a bisansa yana rubutu da karatu. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara sayar da irinsa cikin 1956. Na farkon nan fayafai 50 ne a jere, faɗin kowanne inci 24, dukansu kuwa haruffa wajen miliyan 5 su ke ɗauka, watau da ƙyar su riƙe hoto ɗaya ko biyu irin na wayar hannu ta yau. Na zamani ya kan juya sau 7,200 cikin minti ɗaya, waɗansu har 15,000. Amma kome saurin juyinsa, tilas hannun nan ya tashi ya tafi inda rubutun ya ke, ya jira wurin ya zagayo. Saboda haka ƙananan aike 100 zuwa 200 kaɗai ya ke iya cikawa cikin sakan ɗaya.

Da ya ke abin da ke juyi ya kan gaji ya lalace, cikin 1988 waɗansu masana uku na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka buga wata takarda da ta ba dabarar nan sunan da aka san ta da shi, watau RAID. Dabarar ita ce a haɗa fayafai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, yadda ko ɗaya ya mutu ba a rasa kome ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta kowane abu sau biyu, a fayafai biyu. Wannan shi ne RAID 1. Akwai kuma wata hanya mai tsimin wuri, RAID 5, wadda ta dogara bisa lissafi. Alal misali, fatake uku suna da buhu 7 da 5 da 9, sai aka rubuta jimlarsu, 21, a littafi na huɗu. In littafin mai buhu 5 ya ɓace, sai a ɗebe 7 da 9 daga 21, a gano abin da ke cikinsa. Lissafin na'urar ya ɗan bambanta da wannan, amma dabarar ke nan.

To, wa ke riƙe da wannan lissafi? Wani ɗan allo ne na lantarki da a ke sokawa cikin saba, yana da ƙwaƙwalwarsa da 'yar rumbunsa, duk abin da zai tafi ga fayafai ko ya fito daga gare su sai ya bi ta hannunsa. Turawa suna ce da shi kontirola na RAID. Mu kuwa bari mu kira shi madugu, gama aikinsa ke nan: shi ke raba kaya bisa dabbobi, shi ke sanin wanda ya gaza, shi ke magana da mai kaya a madadin ayari duka. Kwamfuta ba ta ganin fayafan da kansu, madugu kaɗai ta ke gani. Ku riƙe wannan, domin nan ne tushen maganarmu.

Faifai na biyu, wanda a ke kira SSD, sunan faifai kawai ya gada, ba abin da ke motsi a cikinsa. 'Yan ƙananan ɗakuna ne na lantarki, miliyoyi bisa miliyoyi, irin waɗanda ke cikin katin ajiya na wayarku. Wani injiniya na kamfanin Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙago wannan irin ma'ajiya cikin shekarun 1980, ana ce da ita filash. Cikin 1991 kamfanin da daga baya ya zama SanDisk ya sayar da faifai irin wannan mai ɗaukar megabait 20. Da ya ke ba hannun da zai yi tafiya, ko matsakaicinsa na yau ya kan cika ƙananan aike dubu goma-goma cikin sakan ɗaya. Wannan ne dokin da abokina ya saya.

Amma dokin nan yana da wani hali da jaki ba shi da shi. Ku tuna da allon makaranta. Yaro ya kan rubuta layi bayan layi a wurin da ke fari, amma in yana so ya sake rubutu bisa wurin da tawada ta riga ta hau, sai ya wanke allon duka. Haka filash ya ke. Ana rubutu a cikinsa ƙanana-ƙanana, shafi-shafi, amma ba a sharewa sai babban yanki mai shafuka ɗaruruwa gaba ɗaya. Kafin a wanke yanki kuwa, tilas a kwashe shafukan da har yanzu a ke so, a kai su wani wuri. Bugu da ƙari, kowane wanki yana cin jikin allon. Irin fayafan da a ke sayarwa a kanti, kowane yanki ya kan jure wanki sau ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai ne, sa'an nan ya gaji. Saboda haka kowane SSD yana da tasa 'yar ƙwaƙwalwa da ke wannan kwashe-kwashe da wanke-wanke a ɓoye. Watau dokin yana da nasa tunani, madugun kuwa an horar da shi ne bisa dabbar da ba ta da ko ɗaya.

Daga nan saɓani iri huɗu ke fitowa.

Na fari, ƙuncin ƙofa. An ƙera madugan da domin fayafai masu nawa, ƙwaƙwalwarsu ta isa ta bi aiken jakuna takwas tana hutawa. In aka ɗaura mata dawaki takwas, kowanne yana iya aikin jakuna ɗaruruwa, sai ita ta zama mai riƙe ayari. Haka kuma hanyar da ta haɗa madugu da kwamfuta. Faifan SSD mai bin tsohuwar igiyar da a ke kira SATA ya kan kai megabait 550 cikin sakan. Guda takwas sun tasam ma 4,400 ke nan. Madugu irin na wajen 2010 kuwa hanyarsa ba ta wuce 4,000, ko a bisa takarda. Ga kuma wahalar RAID 5 kanta. Ku koma ga fataken nan: in mai buhu 7 ya koma mai 8, tilas a karanta tsohon adadi, a karanta tsohuwar jimla, a rubuta sabon adadi, a rubuta sabuwar jimla. Aike ɗaya ya zama huɗu. Wannan shi ya sa tun ranar farko abokina bai ga saurin da ya ƙiyasta ba.

Na biyu, saƙon da ba ya isa. Sa'ad da ka share wani fim ko takarda daga kwamfuta, sunansa kawai ta ke sokewa daga jerin sunaye, rubutun yana nan bisa faifai. Ga faifai mai juyi wannan ba kome, in bukata ta zo sai a rubuta sabo bisa tsoho. Amma SSD bai san an soke sunan ba, sai ya yi ta jigilar matattun shafuka daga yanki zuwa yanki yana tsammani masu rai ne. Domin maganin haka aka ƙago wani ɗan saƙo mai suna TRIM, wanda kwamfuta ke aika wa faifai ta ce, shafi kaza da kaza ba a bukatarsu, wanke abinka. Windows 7 ta zo da shi cikin 2009. To, amma mun ce kwamfuta madugu kaɗai ta ke gani, madugai da yawa kuwa, balle tsofaffi, ba su isar da wannan saƙo. Ba kuma don ƙeta ba ne. Jimlar nan ta RAID 5 ta dogara ga abin da ke rubuce a kowane faifai, har wurin da aka share. In faifai ya wanke wuri, daga baya aka tambaye shi ya ba da amsar da ba a zata ba, jimla ta ɓaci, ranar da a ke nemanta kuwa sai ta ba da ƙarya. Sai cikin 2012 kamfanin Intel ya buɗe wa saƙon hanya a waɗansu kwamfutocinsa, shi ma ga RAID 0 kaɗai, watau tsarin da ba shi da jimla, ba shi kuma da kariya. A ƙarshen shekarar nan manhajar Linux ita ma ta koya wa nata tsarin RAID isar da shi. Inda saƙon ba ya isa, faifai ya kan yi gudu muddin yana da sauran farin allo. Ran da farin ya ƙare, kowane rubutu sai ya jira wanki. Wannan ita ce nawar da ta sauko wa abokina bayan watanni.

Na uku, rashin yarda da rashin haƙuri. Kowane faifai yana da 'yar rumbu ta wucin gadi, inda ya ke ajiye abin da aka ba shi kafin ya rubuta, abin da ke cikinta kuwa ya kan ɓace in wuta ta ɗauke. Madugu mai tsantseni ya kan umurci fayafai su rufe wannan rumbu, domin shi yana da tasa mai batir. SSD na kanti kuwa saurin rubutunsa ya dogara ƙwarai ga rumbun nan. In an rufe ta sai ya yi sanyi ƙwarai, in an bar ta a buɗe kuma ana cikin haɗari. Fayafan da aka ƙera domin saba suna da waɗansu 'yan tulunan lantarki a ciki, masu riƙe wutar da za ta isa a ƙarasa rubutu, shi ya sa su ke da tsada. Wannan batu ya fi shafarmu, mu da wuta ke ɗaukewa a garuruwanmu ba sallama. Cikin 2013 masana na Jami'ar Jihar Ohio da na ɗakin binciken kamfanin HP suka gwada fayafan SSD 15, suna yanke musu wuta da gangan suna cikin aiki. 13 daga cikinsu suka ɓata ko suka rasa wani abu daga abin da aka ba su ajiya. Game da haƙuri kuma, madugu ya kan ba faifai 'yan sakanoni ne ya amsa kira. In faifan kanti ya dulmuya cikin wanke-wankensa, ko kuwa harshensa da na madugu suka ɗan saɓa, bai amsa da wuri ba, sai madugu ya ɗauka ya mutu, ya kore shi daga ayari. Jar fitilar da na tarar ke nan.

Na huɗu shi ne mafi ban tsoro, watau mutuwa tare. Dabarar RAID duka an gina ta bisa zaton fayafai za su mutu ɗaya-ɗaya, har a sami zarafin sake wanda ya faɗi kafin na biyu ya bi shi. Amma fayafan SSD da aka saya rana ɗaya, daga maƙera ɗaya, madugu yana raba musu rubutu daidai wa daida, tare su ke tsufa. Kuma da ya ke kowannensu yana da manhaja a cikinsa, kuskuren da ke cikin ɗaya yana cikin sauran. Cikin Nuwamba 2019 kamfanin Hewlett Packard Enterprise ya gargaɗi masu sayen kayansa cewa waɗansu fayafan SSD nasa za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 a kunne, watau shekara 3 da kwana 270 da awa 8, in ba a sabunta manhajarsu ba, abin da ke cikinsu kuma ba zai dawo ba. Ya ƙara da cewa waɗanda aka kunna tare za su faɗi kusan lokaci guda. Masu lissafi sun lura adadin nan shi ne abin da a ke samu in aka riɓanya 2 da kanta sau 15, alamar wani ɗan ma'auni ne a cikin faifan ya cika ya tumbatsa. Cikin 2020 aka sake irin wannan gargaɗi bisa waɗansu fayafai na wannan kamfani da na Dell, su kuma a awa 40,000. A irin wannan rana jimla ba ta ceto, gama littattafan duka huɗu ne suka ƙone. Abin da ya ƙara muni, rahoton da faifai ke bayarwa bisa lafiyarsa da sauran ƙarfinsa ya kan tsaya a hannun madugu, mai lura da saba ba ya ganinsa sai ya nema da wata manhaja ta musamman.

Kada kuwa mu yi gaggawar ɗora laifi bisa faifai duk sa'ad da abu ya ɓaci. Cikin 2015 wani kamfani mai suna Algolia ya ga waɗansu takardu a sabobinsa suna lalacewa, an share 'yan gutsattsari daga tsakiyarsu. Da fari aka tuhumi fayafan Samsung da ke ciki. Da injiniyoyin Samsung suka bi sawu, sai aka tarar kuskuren yana cikin manhajar Linux, a wurin da tsarinta na RAID ke rarraba saƙon TRIM ga fayafai. Saƙon ya kan sauka inda ba a aike shi ba. Aka gyara cikin shekarar nan. Ashe dai wurin haɗuwar hannu biyu nan ne cuta ta kan ɓuya.

Maƙera ba su zauna ba. Cikin 2011 aka fito da wani sabon harshe na magana da SSD, mai suna NVMe, wanda ke haɗa faifai da ƙwaƙwalwar kwamfuta kai tsaye. Tsohon tsari layi ɗaya gare shi, mai ɗaukar aike 32. Sabon kuwa ya yarda da layi wajen 65,000, kowanne da aike wajen 65,000. Faifai ɗaya irin wannan ya kan kai megabait 7,000 cikin sakan, waɗansu sun wuce haka. Tsohon madugu ba ya jin wannan harshe ko kaɗan. An ƙera sababbi masu jinsa, amma ko su, in fayafai sun yi yawa, ƙofarsu ta kan yi ƙunci. Saboda haka ma'aikatu da yawa sun koma ga wata hanya: a sa allo mai sauƙi wanda ba ya kome sai miƙa saƙo, lissafin jimla kuwa a bar wa babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta hanyar manhaja irin ta Linux ko wadda a ke kira ZFS, da kamfanin Sun ya fito da ita cikin 2005. Ta haka kwamfuta tana ganin kowane faifai ido da ido.

Wannan hanya abokina ya bi. Ya kwana uku a ofis. Ya fara kwashe fim ɗin mutane zuwa wata ma'ajiya dabam, sa'an nan ya sauke madugun daga sarautarsa ya mai da shi ɗan aike, ya jera fayafan biyu-biyu kowanne da madubinsa, ya bar wa kowanne wani kaso da ba a taɓawa. Ya kuma sa aka sayo biyu daga wata maƙera, irin masu tulun lantarki, ya gauraya su da sauran, da niyyar sake ragowar sannu a hankali. Wurin ajiya ya ragu, masu gidan suka yi gunaguni, amma fim ya fita ranar da aka yi alkawari.

To, jama'a, me wannan ya koya wa mai saurarenmu a Kano ko Maraɗi ko Sakkwato? Sabobi na hannu, waɗanda ma'aikatun Turai da Amurka suka gama da su, suna isa kasuwanninmu da araha, yawancinsu kuwa da tsohon madugu a ciki. Asibitoci da makarantu da ƙananan bankuna suna sayensu, haka nan cibiyoyin jarrabawa, tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta cikin 2015. Duk wanda aka damƙa wa amanar irin wannan na'ura, ga abin da ya kamata ya yi kafin ya fitar da kuɗin ma'aikata.

Ya fara sanin sunan madugunsa da lambarsa, ya nemi jerin fayafan da maƙerinsa ya gwada ya amince da su. Wannan jeri ba wasa ba ne. Cikin 2010 kamfanin Dell har ya fito da madugai masu ƙin karɓar faifan da ba nasa ba, sai da masu saye suka yi kuka ya janye. Ya sabunta manhajar madugu da ta fayafai, ya riƙa bibiyar gargaɗin maƙera. Ya sayi faifan da aka ƙera domin saba, mai kariya daga ɗaukewar wuta, gama araha ba ta ado. In madugunsa ba ya isar da saƙon TRIM, to, kada ya ba shi faifai duka. Ya ware kashi ɗaya cikin biyar ko abin da ya yi kusa da haka tun faifan yana sabo, ya bar shi kamar gonar da a ke bari ta huta, domin faifan ya sami farin allo kullum. In aikinsa mai yawan ƙananan rubutu ne, ya zaɓi tsarin madubi bisa tsarin jimla. Kada ya cika saba da fayafai 'yan rana ɗaya. Ya gwada saurinsu sa'ad da su ke cike, gama faifai wofi kowanne gwani ne.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi: RAID ba ya maye gurbin kwafi. Cikin Oktoba 2016 babbar ma'ajiyar kwamfuta ta King's College, a nan Landan, ta rushe bayan ɗaya daga madugan da ke cikinta ya lalace. Da aka koma ga kwafin da a ke dogara da shi, sai aka tarar bai cika ba, waɗansu malamai da ɗalibai suka yi hasarar aikin bincikensu. In haka ta sami babbar jami'a a tsakiyar Landan, ina ga ɗan ofishinmu mai janareta ɗaya? A ajiye kwafi a wani gini dabam, a kuma riƙa gwada maido da shi lokaci lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da zan bar ofishin abokina ranar da ya gama aikin, fitilun sabar duka sun koma kore. Ya rako ni har bakin tashar Stratford, yana hamma, ya ce, "Malam, in za ka gaya wa mutanen gida, ka ce musu kafin su tambayi kuɗin doki, su tambayi wanda zai ja shi." Na cika alkawari.